Wace ce za ta fito a matar uba?



Mu 'yan ƙungiyar wasan kwaikwayo saura mako uku mu hau dandamali ranar rabon kyaututtuka, amma har shekaranjiya akwai gurbi ɗaya da ya rasa mai shi, wato muguwar matar uba. Kowaccenmu so take ta fito a marainiya, ta yi kuka, ta rera waƙa, a tausaya mata. Da an ambaci matar uba sai kowa ta sunkuyar da kai.

Muna da dalili. Bara wata yayarmu da ke zuwa nan Gwarzo daga Kabo ce ta fito a wannan matsayi, ta kuwa iya ƙwarai. Sai sunan ya bi ta har gida. Yara suna kiranta da shi a hanyar Islamiyya, gwaggonta ma ta ce ai abin da ke zuciya ne ya fito fili. Daga ƙarshe mahaifinta ya cire ta daga ƙungiyar.

Da muka faɗa wa malamarmu haka, sai ta tambaye mu ko mun san Daso. Duk muka yi dariya, wa bai san Daso ba? Abin da ba mu sani ba shi ne marigayiya Saratu Giɗaɗo malamar makaranta ce kafin ta shiga fim. An haife ta a 1968, ta fara fitowa a 2000 cikin fim ɗin Linzami da Wuta na kamfanin Sarauniya da ke Kano. Ta shafe sama da shekara 20 tana fitowa, galibi a mace mai masifa da makirci, duk da haka Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya naɗa ta jakadiyarsa. Ta rasu ranar 9 ga Afrilu, 2024, jajiberin ƙaramar Sallah. Allah Ya jiƙanta da rahama.

Malama ta ƙara tuna mana cewa a finafinan Hausa ko waƙar da jaruma ke bi da baki sau da yawa ba muryarta ba ce, ta mawaƙa ce irin su Fati Nijar 'yar Maraɗi. Ta ce, "Idan murya ma aro ce, ya za a ce hali ba aro ba ne?" Muka yi shiru. Sannan muka lura cewa in babu matar uba, marainiyar da muke rububi ba ta da abin yi wa kuka, masu kallo kuma ba su da darasin ɗauka.

Jiya mutum biyu a cikinmu sun ɗaga hannu. Amma dukansu sun ce sai Baba ya yarda, kuma ba mu ga laifinsu ba.

Don haka muna da roƙo biyu. Malamanmu, ku taimaka ku rubuta wa iyayensu takarda, ku bayyana musu cewa wasan faɗakarwa ne kan riƙon maraya. Ku kuma 'yan'uwa, ranar wasa ku ji haushin matar uba iya son ranku. Amma da zarar ta sauko ta mayar da kayan makaranta, ku kira ta da sunan da iyayenta suka raɗa mata.

Daga 'yan ƙungiyar wasan kwaikwayo.