Kwana Uku A Kan Bahar Maliya

Tun da na dawo daga Umara maganar nan take bina. Hoto ɗaya tak Hajiya ta tura wa 'ya'yanta mata ta WhatsApp, ni da ita a tsaye mun jingina da ƙarfe, ruwa shuɗi a bayanmu. Kafin jirginmu ya sauka Kano hoton ya gama zaga unguwa. Ranar da na fara jan sallar Asuba, wani dattijo da muke zaman kasuwa tare ya riƙe hannuna bayan an shafa ya ce, "Liman, ashe har da yawon jirgin Turawa aka yi?" Ya yi dariya, na yi dariya, amma na san ba shi kaɗai yake tambayar ba. To gara in faɗa da bakina, mai ja da ni ya ja a kan abin da ya faru.

Babban yaron gidana, wanda yake aiki a Jidda, shi ya biya mana Umarar. Da muka gama muka sauko gidansa, sai ya ce, "Baba, na yanka mana tikitin jirgin ruwa, kwana uku, ku huta ku da Mama." Irin jirgin nan ne na shaƙatawa, wanda ba ya kai ka ko'ina sai ya zaga da kai cikin teku ya dawo da kai inda ya ɗauke ka. Shekarun nan ne Saudiyya ta buɗe wannan harka a Jidda. Na ce nawa ka biya? Ya yi ta kewaye-kewaye, sai uwarsa ce ta tatso adadin daga bakinsa. Da na juya riyal ɗin zuwa naira a kaina, wallahi sai da na zauna. Kuɗin zai rufe ajujuwa biyu na Islamiyyarmu da suke yoyo. Kun kuma san halin da mu 'yan citta muka shiga tun da cutar nan ta 2023 ta ruɓar da gonaki a Kachia da Jaba da kewayenmu. Jarina har yau bai koma yadda yake ba.

Na ce masa wannan almubazzaranci ne, ya je ya karɓo kuɗinsa. Ya ce ba a mayarwa. Hajiya ta bari sai da ya fita, sannan ta ce, "Malam, shekara talatin da ɗaya muna tare, ko Matsirga ka taɓa kai ni?" Matsirga fa, da ke nan bayan gari, wadda baƙi suke tasowa daga Abuja su zo kallon ruwanta. Ban sami amsa ba. Na ɗauki jakata.

Akwai kuma tsoro, ba zan ɓoye ba. Mu mutanen jirgin ƙasa ne. Kakana layin dogo ya biyo ya zo garin nan bayan Kafanchan ta zama mahaɗa a 1927, kuma ruwan da na sani duk na rafi ne. Ina tune da jirgin fasinjan Masar da ya nutse a wannan tekun a 2006, ya taso daga Duba zai je Safaga, mutum fiye da dubu suka rasu. Ina tune da jirgin shaƙatawar da aka killace a Japan a 2020, korona ta kama mutum sama da 700 a cikinsa, ga tudu suna gani ba damar sauka. Kafin mu tashi aka tara mu aka nuna wa kowa rigarsa ta ruwa da inda zai tsaya in wani abu ya faru. Yaron ya ce wannan ai kwanciyar hankali ce. Ni dai ƙara tuna mini ya yi cewa ban iya iyo ba.

Jirgin kam gari ne guda aka ɗora kan ruwa. Bene kan bene, da na'urar hawa, da shaguna, da asibiti, da ɗakin salla na maza da na mata. Wannan da muka shiga ba giya ba caca, abincinsa halal ne. Yaron ya ce yawancin jiragen Turai da Amurka duka biyun suna ciki, don haka duk wanda zai shiga ya tambaya tun kafin ya biya. Amma rashin giya bai sa ya zama masallaci ba. Akwai kiɗa har tsakar dare, akwai wurin wanka a sama wanda sau ɗaya na ɓata hanya na faɗa cikinsa, na fito kaina a ƙasa ina istigfari.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne abinci. An jera shi kamar ba za a mutu ba, kowa ya ɗiba iya son ransa, mutum ya cika faranti ya ci loma uku ya tashi, ma'aikaci ya kwashe. Na tuna almajiran da ke tsayawa ƙofar gidana da robobi. Sannan ga dabarar kasuwa, wadda na gane tun ranar farko, don ni ma ɗan kasuwa ne. Kati ɗaya za a ba ka, shi ne makullin ɗaki shi ne aljihu. Intanet kuɗi, shayi mai kyau kuɗi, hoton da suka ɗauke ka ba ka roƙe su ba kuɗi. Ba ka ƙirga komai da hannunka, don haka ba ka jin zafin fitarsa sai ranar sauka. Kuma ba rumfar maƙwabci da za ka je ka taya.

Salla ce ta ba ni aiki. A gida in ka fuskanci gabas ka gama. A nan kuwa ƙasan da kake tsaye a kai ne yake juyawa. Wayata ta rikice saboda ƙarfen jirgi, sai na dogara da alamar alƙibla da suke nunawa a ɗakin salla. Abin da muka karanta a gaban malamanmu shi ne mai salla a jirgin ruwa ya tsaya in zai iya, ya fuskanci alƙibla, in jirgi ya juya shi ma ya juya gwargwadon iko. Na karantar da wannan babi ban san adadi ba a zauren gidana, ban taɓa zaton zan yi aiki da shi ba. Sai kuma maganar ƙasaru. Nisan ya kai, amma a Muhtasar na Shehu Halil an ware mai tafiyar saɓo da mai tafiyar wasa daga waɗanda aka sunnanta wa ragewa. Na kwana ina tambayar kaina ni wanne ne. Tafiyar wasa ce, ko faranta wa iyali? Ban yanke wa kaina hukuncin da ya fi mini daɗi ba, na cika sallolina. Wani malami daga Sudan da muka haɗu a sahu shi ƙasaru yake yi, kuma hujjarsa ba ta banza ba ce.

Dare na biyu iska ta taso, jiri da tashin zuciya suka kwantar da ni. Busasshiyar cittar da ba na rabuwa da ita a aljihu na tauna har na samu sauƙi. Hajiya ko gezau, tana ta yi mini dariya.

Amfaninsa kuma da ban zata ba shi ne ba wanda ya yi mini sallama. Na hana a saya mini intanet, don haka kwana uku ba a kira ni ɗaurin aure ko sasanta rigimar gado ba, ba mai bina bashi ba wanda nake bi. Ni da Hajiya muka zauna bayan Asuba muna kallon rana tana fitowa daga cikin ruwa, muka yi hirar da rabonmu da irinta tun muna ɗaki ɗaya a gidan haya. A dare na uku yaron ya same ni a saman jirgi ya durƙusa ya ce, "Baba, akwai maganar da na daɗe ina son in faɗa maka." Ba zai dawo ya riƙe shagon citta ba. Ya ce tun ranar da ya ga kasuwa tana ci da wuta a 2011, yana ɗan sakandare, ya ƙudurta ba zai dasa rayuwarsa a rumfa ba, kunyata ce ta hana shi faɗa. Da a gida ne, na san kaina, takalmi zan saka in tafi masallaci, mu shekara ba mu koma kan zancen ba. A nan ina za ni? Ruwa gaba ruwa baya. Dole na zauna na ji shi har ƙarshe, kuma na sa masa albarka, ko da yake har yanzu abin yana sukata.

A wannan daren na tuna ƙanin kakana. Da ƙafa ya bar nan, ya bi ta Maiduguri da Fallomi, ya shekara yana tsinkar auduga a Jazira ta Sudan don ya tara guzuri, sannan ya tsallaka wannan ruwan daga Sawakin. Shekara bakwai ya yi kafin ya dawo da sunan Alhaji. Shi ya hau teku don ya isa wani wuri. Ni na hau na ci na ƙoshi, aka sauke ni a tashar da na hau.

Wanda bai sauke farali ba, ko ake binsa bashi, ko kuɗin makarantar 'ya'yansa yake jira, ban ga ta inda zan ce masa ya je ba. Ni ma da kuɗina ba zan koma ba. Hajiya kuwa ta ce ko gobe aka kira ta ta shirya. Na yi mata alkawarin Matsirga in ruwa ya ɗauke. Maganar rufin Islamiyya kuma na faɗa wa yaron a hanyarmu ta filin jirgi, bai ce komai ba. Ranar Talata bandir biyu na kwano suka iso, saura katako da kuɗin kafinta.