Littafin da Malama Ta Ƙwace

A wata makarantar sakandare da ke kudancin ƙasar Sifaniya, an yi wata malama da ta daɗe tana koyar da harshen Sifaniyanci da adabinsa. Mace ce mai tsare gida, wadda ta yi imani cewa aikin malamin adabi shi ne ya tace littattafai, ya miƙa wa ɗalibai waɗanda masana suka amince da su kawai. Wata safiya a shekarar 2013, tana cikin bayani a kan La Celestina, wato tsohon littafin nan da aka fara bugawa a 1499, sai ta lura da wata ɗaliba 'yar shekara 15 ta sunkuyar da kai, hannuwanta a ƙarƙashin tebur. Malama ta zaci waya take latsawa. Da ta matsa kusa, sai ta tarar littafi ne mai kauri, wanda ya haura shafi 500, mai suna ¡Buenos días, princesa!, wato "Barka da Asuba, Gimbiya".

Malama ta ɗaga littafin sama, ta karanta sunansa da muryar shaƙiyanci, ajin ya fashe da dariya. Ta ce wa yarinyar, "Wannan shirmen ne ya hana ki sauraron darasi?" Yarinyar ba ta ce uffan ba. Daga wannan rana ta daina ɗaga hannu a aji, ta daina haɗa ido da malamarta, alhali kuwa tana cikin 'yan ƙalilan da ke zuwa ɗakin karatu na makarantar don raɗin kansu.

Littafin ya yi mako biyu a cikin jakar malama, ba ta mayar ba, ba ta kuma buɗe ba. Abin da ya fara damunta shi ne wata tambaya da ta kasa amsa wa kanta. La Celestina da take koyarwa, ai shi ma labarin soyayya ne: saurayi Calisto ya kamu da son budurwa Melibea, ya nemi taimakon wata tsohuwa 'yar tsakani, al'amarin ya ƙare da mutuwar masoyan biyu. To, me ya halatta wannan soyayya a aji, ya haramta waccan? Idan amsar ita ce ƙwarewar rubutu, ta yaya ta san matsayin littafin da ba ta karanta ko shafi ɗaya daga cikinsa ba? Nan ta gane ta yanke hukunci ba tare da jin ta bakin wanda ake tuhuma ba. A ƙarshen mako ta zauna ta karanta shi daga farko har ƙarshe.

Marubucin littafin, wanda aka fi sani da laƙabin Blue Jeans, sunansa na yanka Francisco de Paula Fernández. An haife shi a birnin Sevilla a 1978, ya kuma karanta aikin jarida a Madrid. Bai shigo fagen rubutu ta ƙofar da aka saba ba. A 2008 ya fara sanya labarinsa na farko babi bayan babi a wani shafin intanet mai suna Fotolog, wanda ya yi tashe tsakanin matasa a wancan lokaci. Yawan masu bibiyar labarin ya sa wani kamfanin ɗab'i ya buga shi a 2009 da sunan Canciones para Paula, wato "Waƙoƙi Domin Paula". Wannan asali ya bayyana a salonsa: babi gajeru, hira mai yawa, kuma kusan kowane babi yana tsayawa ne daidai inda mai karatu zai ƙagu ya ji abin da ya biyo baya. A 2013 aka ba shi kyautar Cervantes Chico, wadda ake bai wa marubutan adabin yara da matasa a Sifaniya.

Ko shakka babu, malama ba ta sami wata ƙwarewar harshe da za ta ba ta mamaki a littafin ba. Kalmominsa na yau da kullum ne, kuma sau da yawa al'amura kan haɗu bisa sa'a fiye da yadda rayuwa ke yi. Sai dai ta sami wani abin da ba ta zata ba. Labarin na wasu matasa shida ne a Madrid, Valeria da Raúl da Eli da Bruno da Ester da Meri, waɗanda suka haɗa ƙungiya saboda kowannensu ya ga ba a fahimce shi ba a makaranta. Valeria da babbar ƙawarta Eli suna son saurayi ɗaya. Bruno yana son Ester, ya kasa furtawa. Ita kuwa Ester tana soyayya a ɓoye da mai horar da ita wasan ƙwallon raga, mutumin da ya girme ta, wanda yau ya yi mata tsawa, gobe ya rarrashe ta. A wannan gaɓa malama ta ajiye littafin ta yi shiru, domin a tsawon aikinta ta sha ganin 'yan mata masu irin wannan damuwa, amma ba ta taɓa samun ƙofar da za ta bi ta yi musu maganar ba.

Ranar Litinin ta kira yarinyar bayan tashi daga aji, ta miƙa mata littafinta, ta ce, "Na yi miki ba daidai ba a gaban 'yan'uwanki, ki yi haƙuri. Na karanta shi. Me kika gani game da Ester?"

Yarinyar ta daɗe tana dubanta kafin ta ce, "Malama, ai yana sonta. Zafin rai ne kawai gare shi."

Malama ta ce, "To, idan ƙanwarki ce, za ki so a yi mata irin wannan son?"

Yarinyar ba ta amsa ba a ranar. Bayan kwana uku ta dawo da ƙawayenta biyu, suna gardama a kan tambayar. Ta haka aka fara wani ɗan zaman karatu sau ɗaya a mako, wanda ya sa dole malama ta nemi sauran littattafan marubucin ta karanta, sannan ta tsara jerin waɗanda za ta iya ba da shawarar a karanta, kowanne da bayaninsa.

Na farko a jerin shi ne ¡Buenos días, princesa! na 2012, tare da biyun da suka biyo shi, No sonrías que me enamoro na 2013 da ¿Puedo soñar contigo? na 2014. Ta sa su a gaba domin abota da kaɗaici da cin zali a makaranta sun sami fili a cikinsu daidai da soyayya, kuma shekarun taurarin ba su yi nisa da na masu karatu ba. Da aka mayar da labarin fim a 2014, sai ta ƙara wani aiki: a kwatanta abin da fim ya yar da abin da ya riƙe.

Na biyu shi ne Canciones para Paula da cigabansa guda biyu, ¿Sabes que te quiero? da Cállame con un beso. A nan ta yi gargaɗi. Paula, wadda ba ta cika shekara 17 ba, ta shirya haɗuwa da Ángel, ɗan jarida mai shekara 22 da ta sani ta intanet. A labarin, Ángel ya kasance mutumin kirki. Tambayar da malama kan yi wa ɗalibai ita ce, "Paula ta san haka kafin ta fita daga gida?" Ba ta yarda a karanta littafin a zamansu ba sai da wannan tambaya.

Na uku shi ne Algo tan sencillo como tuitear te quiero na 2015, labarin ɗalibai sabbin shiga jami'a da ke zaune a wani gidan kwanan ɗalibai a Madrid. Wannan ta keɓe shi ga 'yan ajin ƙarshe, waɗanda ke gab da barin gidan iyaye, saboda matsalolinsa na waɗanda suka fara cin gashin kansu ne.

Abin lura a nan shi ne, malama ba ta sauya ra'ayinta game da darajar adabi ba. Ta ci gaba da ganin La Celestina ya fi waɗannan littattafai zurfi nesa ba kusa ba, ta kuma ci gaba da faɗin haka a fili. Abin da ya sauya shi ne fahimtarta game da aikinta. Ta gano cewa ɗalibin da ya iya cinye shafi 500 don sha'awa ya riga ya mallaki abin da ya fi wuyar koyarwa, wato haƙurin zama da littafi, kuma ba'a guda ɗaya daga bakin malami tana iya raba shi da wannan baiwa. Haka kuma ta gano cewa ƙwace littafi ba ya hana a karanta shi, iyakarsa ya sa a ɓoye wa malami, sai matashi ya sha darasin soyayya shi kaɗai ba mai yi masa tambaya. Saboda haka ta ɗora wa kanta sharuɗɗa uku: ba za ta yaba ko ta kushe littafin da ba ta karanta ba, za ta dubi shekarun mai karatu da tarbiyyar gidan da ya fito, domin ɗabi'un matasan Madrid da ke cikin labaran ba kowane gida ne ya yarda da su ba, sannan duk littafin da ta miƙa, za ta haɗa shi da tambaya.

A jarrabawar ƙarshen wannan shekara ta 2013, an nemi ɗalibai su bayyana rawar da tsohuwa Celestina ta taka. Yarinyar nan ta rubuta cewa tsohuwar ita ce mai kai saƙo tsakanin mutum biyu da ba su san juna ba, tana ƙawata wa kowane ɗan'uwansa don amfanin kanta, kuma a zamanin Paula intanet ce ta gaji wannan aiki. Amsar tana da kurakuran rubutu, malama ta ja musu layi da jan biro kamar yadda ta saba, sannan ta ba ta maki mai kyau.