Kalmar Halaka da Aka Manta

A wani tsohon ƙamus na ci karo da *forwyrd*, sunan da mutanen Ingila ke ba halaka shekara dubu da suka wuce. Da ita masu wa'azi irin su Aelfric ke jan kunnen jama'a kan azabar lahira. Tushenta ɗaya da *wyrd*, wato ƙaddara, sai ka ce a wurinsu rushewa ma rabo ce mai iske mutum. Bayan Normawa sun ci ƙasar a 1066, kalmomin Faransanci suka yi ta kwararowa, ita kuwa ta dushe sannu a hankali. Nakan yi jugum in tuna bakunan da suka furta ta cikin fargaba, duk ƙasa ta rufe su. Yau ko a Landan, sai masu nazarin tsohon Turanci ne suka san ta.