Kar ku rufe tsohon akwati tukuna

Ku matso kusa, don mai abin ba zai so a ji sunansa ba. Wani mutuminmu ne a nan cikin Birni, mai sayar da manyan riguna masu aikin hannu, su aska takwas da aska biyu. Yana da shafi a intanet mai ƙarewa da .com.ng, da imel mai sunan shagonsa, ta nan 'yan Legas da Abuja suke aiko masa da awo da oda. Kuɗin hayar shafin na shekara ya yi masa nauyi, sai wani yaro daga Samaru ya ce zai mayar da shi kamfani mai rahusa. Da yamma guda yaron ya juya komai. Shafi ya buɗe tsaf, hotunan riguna suka fito, aka yi ta sa masa albarka. Sai daga baya wani mai saye ya bugo waya: "Alhaji, lafiya? Saƙona dawowa yake yi."

Malam, kai da ke shirin ɗauke shafin makarantarku, don kai na tayar da maganar nan.

Shafi daban, imel daban, ko da a kamfani ɗaya ake biyan kuɗinsu. A cikin DNS, rajistar da ke nuna wa duniya inda sunanka yake, layin A ne ke nuna inda shafi yake, layin MX kuma inda za a kai saƙo. Yaron nan shafi kawai ya duba.

Abin da mutane ba su sani ba, imel yana da haƙuri. Kamar ɗan aike ne da ya zo zaure ya yi sallama. In ba a amsa ba, zai tafi ya dawo, ya sake dawowa. Ƙa'idar aika imel ta ce a yi ta gwadawa har kwana 4 zuwa 5 kafin a haƙura. Amma in yaro ya leƙo ya ce babu mai wannan suna a gidan nan, shi ke nan, ya juya da takardarsa ba zai sake zuwa ba. Wannan amsar ita ce lamba 550 da ake gani a saƙon da ya dawo. Haka ta faru da mutuminmu: an nuna wa duniya sabon kamfani, alhali ba a buɗe akwatinsa a can ba. Da sabar kamfanin ce, wato kwamfutar da ke karɓar saƙo, ta mutu na yini guda, da sauƙi.

Don haka akwati ake fara buɗewa. Kowane adireshi da kake da shi a tsohon wuri, ka buɗe irinsa a sabo, harafi da harafi, har wanda ka manta da shi, da masu tura saƙo zuwa Gmail ɗinka. Waɗannan na turawar su aka fi mantawa, don ba sa bayyana a jerin akwatuna.

Yaya, na ga kana murmushi, kana cewa ai duk saƙonninka suna cikin wayarka. Ba lallai ba. In da IMAP aka haɗa wayar, abin da kake gani yana can ne a sabar kamfanin, ranar da suka goge asusunka ya tafi. A kwafe tsofaffin saƙonni tun da wuri, ko da imapsync, ko a buɗe akwatunan biyu a Thunderbird a ja daga nan zuwa can. Aiki ne mai cin data, a bar shi ya kwana yana yi in wuta ta yarda.

Sai maganar TTL. Lamba ce da ke faɗa wa sauran kwamfutoci tsawon daƙiƙun da za su riƙe tsohon bayani kafin su sake tambaya. Kamfanoni da yawa suna barin ta a 14400, wato awa 4, wasu 86400, yini cur. Kwana 2 kafin canji ka sauke ta zuwa 300, minti 5 ke nan. Sauke ta a ranar canjin ba ya amfanar komai, don waɗanda suka riƙe tsohuwar sai lokacinta ya cika. In kuma sabobin sunan ne, wato kwamfutocin da ke riƙe da DNS ɗinka, gaba ɗaya za ka canza a wajen wanda ka yi rajista, wannan yana iya kai awa 48, kuma ba a hannunka yake ba. A tsakanin nan wani saƙo zai faɗa sabon akwati, wani tsoho.

Shi ya sa ni ba na yarda a rufe tsohon asusu a ranar. A bar shi mako guda ko biyu, ana leƙa shi ta burauza, a sake kwafe abin da ya shigo. Ko da ya kama a biya wata guda na ƙari, a biya. Kuma don Allah kar a yi wannan aiki gab da Sallah, ko lokacin da iyaye ke aiko takardun neman gurbi.

Akwai tarko ɗaya kuma, ku riƙe shi. In imel ɗinka a Google Workspace ko Zoho yake, shafi kawai za ka ɗauke, sabon kamfani yakan cika DNS da nasa layin MX kai tsaye. Ka ɗauki hoton tsofaffin layuka duka kafin ka taɓa komai, har da na TXT masu SPF da DKIM, waɗanda ke tabbatar da cewa saƙo daga gare ka ya fito. Tun Fabrairun 2024 Gmail ya tsananta: saƙon da ba shi da ko ɗaya daga cikin biyun nan yana iya ƙin shiga, ko ya faɗa cikin shara. Kai kana karɓa lafiya, kana zaton mutane ne suka yi maka shiru.

Bayan an juya, Malam, ka sa wani ya aiko maka daga Gmail, wani daga Yahoo, ka amsa musu, sannan ka tambaye su a wane akwati amsar ta sauka. A zubo shayin nan kafin ya huce, gobe ka zo da kwamfutar mu duba layukan naku tare.