Mun Kai 'Yarmu Kumasi

Daga Ikko zuwa Ankara, babban birnin Gana, tafiyar kamar kilomita 460 ce kawai, amma sai mutum ya ƙetare iyaka uku: ta Seme, ta tsakanin Benin da Togo, sa'an nan ta Aflao. Tun yarjejeniyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta 1979, ɗan Nijeriya ya kan shiga Gana ba biza har kwana 90, in dai yana da fasfo da katin rigakafin shawara. Wannan ga babba ke nan. Wanda ya ke ɗauke da ƙaramin yaro kuwa, sai ya shirya amsa tambayoyi.

Mun bi hanyan nan a watan Agusta na 2024, mu uku: miji da mata da 'yarmu mai shekara ɗaya da rabi, wadda kotu ba ta daɗe da ba mu ita ba, bayan mun yi shekara 16 da aure ba haihuwa. Waɗanda za mu wurinsu abokan tun ƙuruciya ne. Mahaifiyar maigidan malamar makaranta ce a ƙasarmu dā, har sa'ad da gwamnati ta kori baƙi marasa takarda a 1983, mutanen Gana wajen miliyan ɗaya suka koma gida. Tun daga lokacin zumuncin bai yanke ba, daga wasiƙa har ya koma waya.

A ɗaya daga cikin iyakokin wata ma'aikaciya ta dubi fuskar yarinyar, ta dubi tamu, ta ce mu sauko daga mota. Muka miƙa mata takardar hukuncin kotu, da wasiƙar ma'aikatar jin daɗin jama'a, da fasfon yarinyar. Ta karanta su layi layi, sauran fasinja suna gunaguni. Ba mu ga laifinta ba, gama ana satar yara ta hanyan nan, ana kai su aikatau. Ku da ku ke riƙon yaro, ku lura: cewa "ai ɗan ƙanena ne" ba ta ƙetare iyaka. Riƙo irin na gida abu ne mai kyau, amma takardar kotu, bisa ga dokar kare hakkin yara ta 2003, ita ce baƙon ma'aikaci zai gane. Abin da ya ƙarasa maganar kuwa, yarinyar ce ta farka, ta ga baƙuwar fuska, ta ƙanƙame wuyan uwarta tana ihu. Ma'aikaciyar ta yi dariya ta buga hatimi.

A Togo muka mai da agogo baya da awa ɗaya. Muka kwana a Ankara, kashegari muka kama hanyar Kumasi, kamar kilomita 250 cikin kurmi da gonakin koko.

Bahaushe ba ya baƙunta sosai a Kumasi. Da safe ana sayar da koko da ƙosai, sunansu ma bai sāke ba. Shinkafa da wake suna ce mata waakye, tuwo kuwa tuo zaafi, wato tuwo mai zafi. Unguwar baƙi sunanta Zongo, zangon fatake ke nan. Goron da kakanninmu su ke zuwa Gwanja nema, daga kurmin Asante ya ke fitowa, a kai shi kasuwar Salaga, jakuna su ɗauka har Kano. A kasuwar Kejetia, wadda mutum ya kan ɓata a cikinta da rana tsaka, mun yi ciniki da Hausa tun daga kan albasa har atamfa, ko da ya ke Hausarsu ba ta damu da "ya" da "ta" ba.

Amma ba kasuwa ta kai mu ba. Tun a hanya abu ɗaya ke cin zuciyarmu: ko mutanen gidan za su karɓi yarinyar kamar tamu? A gida mun riga mun ji masu cewa, "Ina 'yar riƙon nan taku?" Ga shi kuma a al'adar Asante dangin uwa ne dangin yaro, ta can a ke gado, ta can a ke sarauta. Wadda ba a san wadda ta haife ta ba fa?

Tsohuwar malamar, wadda kowa ke ce wa Nana, ta haura shekara 80, amma Hausarta tana nan daram. Ta karɓi yarinyar ta ɗora a cinya, ta duba kunnuwanta da tafin hannunta, sa'an nan ta ce, "'Yata, wace rana aka haifi jikata?"

Tambaya ce ta kullum a wurinsu, gama kowane mutumin Akan yana da sunan rana. Kwame Nkrumah ɗan Asabar ne, Kofi Annan ɗan Jumma'a, kamar dai Asabe da Jummai da Ladi a wurinmu. Mu kuwa muka yi shiru. Tsintar yarinyar aka yi tana jaririya, ranar da ke cikin fasfonta kintacen likita ne. Daga baya matata ta faɗa mata haka, murya ƙasa ƙasa.

Nana ta ce, "To, wace rana ta shigo ɗakinki?"

"Alhamis ce, Mama."

"Ashe Lami ce. A nan kuwa Yaa." Ta kira jikokinta duka, ta ce su zo su gai da ƙanwarsu Yaa. Ta ƙara da cewa dangin uwarta su ne dangin wadda ke goya ta, kada ta ji wani ya sāke tambaya.

Kashegari maigidan ya kai mu Manhyia, fadar Asantehene. Tsohon gidan, wanda Ingilishi suka gina a 1925 domin Sarki Prempeh na Ɗaya bayan ya komo daga zaman gudun dole a tsibiran Seychelles, ya zama gidan tarihi tun 1995. A ciki ya nuna mana siffar Yaa Asantewaa, uwar sarautar Ejisu, wadda ta ja mazaje yaƙi da Ingilishi a 1900 sa'ad da Gwamna ya ce a kawo masa Kujerar Zinariya ya zauna. Ya ce, "Ga takwarar 'yarku." Yarinyar dai ba ruwanta, takalmin mai gadi ta ke ta bi.

Mun yi kwana 9. Ta ƙi fufu, ta ci waakye har ta ɓata riga. A tafkin Bosomtwe, wanda wani dutse da ya faɗo daga sama ya haƙa raminsa tun zamanin dā, ta fara sa ƙafa cikin ruwan da ba na baho ba.

Daren da za mu tashi Nana ta kira mu ɗakinta. Ta ce kada mu ɓoye wa yarinyar labarinta, mu riƙa faɗa mata kaɗan kaɗan tun kafin ta shiga makaranta, kada ta fara jinsa a bakin maƙwabta ranar faɗa. Ta ciro wani ƙyallen saƙin kente na Bonwire daga ƙasan akwati, ta ce a ajiye wa Yaa. Da asuba ɗanta ya kai mu tasha, muka sami motar farko mai zuwa Ankara.