Daga Biyana zuwa Brno: roba ko ƙarfe

Aboki, ka ce in ba ka labarin abin da ya fi ba ni mamaki a Turai. To ba dusar ƙanƙara ba ce. Wata Asabar na shiga jirgin ƙasa daga Biyana, babban birnin Ostiriya, zuwa Brno a Jamhuriyar Cek, inda mai masaukina ya yi alkawarin kai ni filin koyon harbi. Ba mu jima da tashi ba muka wuce wani ɗan gari, Deutsch-Wagram, jirgin ko tsayawa bai yi ba. Nan ne hedikwatar kamfanin Glock. Wanda ya kafa shi, marigayi Gaston Glock, sandunan labule da wuƙaƙe yake ƙerawa kafin ya fito da bindigar Glock 17, wadda sojojin Ostiriya suka karɓa a 1982. Gangar jikinta roba ce.

A gida, ka sani, ƙaramar bindiga sai a ƙugun ɗan sanda ko a hannun wanda ake neman tsari daga gare shi. A Brno kuwa na tarar da magidanta da matan aure suna jiran layi da 'yan jakunkunansu, ana ta hira. Aka duba fasfona, aka ba ni tabarau da abin toshe kunne, aka haɗa ni da wani malami mai furfura wanda bai yarda da wasa ba. Dokarsa ta farko: yatsa ba ya kusantar kunama sai an yi saiti.

Ya ajiye bindigogi biyu a kan teburi, duka masu cin harsashi milimita 9. Ɗaya Glock 17, wadda ba harsashi ba ta wuce giram 700 da 'yan kai. Ɗayar CZ Shadow 2, ƙarfe zalla, kilo 1.3. Jikar CZ 75 ce, wadda 'yan uwa biyu, Josef da František Koucký, suka zana a 1975, ana kuma ƙera ta a Uherský Brod, gabas da inda muke tsaye. Ni da ban taɓa riƙe ko ta toka ba, hannuna ya tafi kan marar nauyin.

Ashe robar a ƙasa kawai take, wurin mariƙi da gidan kunama. Bututun da murfin da ke zamewa baya duk ƙarfe ne, don haka nauyin ya taru a sama. Ina dannawa sai bakinta ya ɗaga, ta fizgi wuyan hannuna, sai na sake neman takardar da nake saitawa daga farko. Kunamarta ma da ɗan tauri, kusan kilo biyu da rabi, kuma haka take daga harbin farko har na ƙarshe. Ramukan da na huda suka watsu ko'ina.

Da na ɗauki ta ƙarfen, kafaɗata ta fara ƙorafi tun kafin in harba. Amma da ta tashi, sai ta ɗan motsa ta koma inda take, kamar turmin kirya da ba ya gusawa komai ƙarfin mai daka. Harsashi iri ɗaya ne, turin da yake yi baya ɗaya ne, nauyin ne ke shanye shi. Jan kunama na farko dogo ne mai tauri, daga na biyu kuwa taɓawa kaɗan ta isa. Ramukan suka fara kusantar juna, har malamin ya gyaɗa kai sau ɗaya. Ya ce shi ya sa a gasar IPSC, ƙungiyar harbi ta duniya da aka kafa a Amurka a 1976, za ka ga irin wannan a hannun 'yan wasa da yawa.

Na tambaye shi to me ya sa 'yan sandan ƙasashe da dama suka rungumi ta roba. Ya ce in rataya kilo ɗaya da wani abu a ƙugu daga safe zuwa dare, sannan in dawo mu yi magana. Ga araha, ga mariƙin da ba ya tsatsa da gumi, ga sauƙin kwancewa a wanke. Kamfanin CZ ɗin ma yana yin ta roba, P-10. A ganina, in dai huda takarda ne, ƙarfe ya ci.

Kafin mu fita ya sa na wanke hannu da sabulu saboda dalma. Na ɗauki kwanson harsashi ɗaya zan kawo maka tsaraba, ya miƙo tafinsa ya karɓe, ya ce ma'aikatan filin jirgin sama ba su san tsaraba ba.