Gaggawarmu ce ta kashe kifin

Jama'a, bara muka haɗa kuɗi a gida muka sayi akwatin gilashi mai cin lita 400. Aka kawo mana kifaye 20, shuɗi da rawaya, 'yan asalin tafkin Malawi. Dangin karfasar tafkin Madarunfa ne, sai dai su ba na miya ba ne.

Ranar da muka cika ruwa, ranar muka zuba su duka. Kafin sati 11 sun mutu, yara na ta kuka. Ashe sabon ruwa ba shi da ƙwayoyin halittar da ke cinye gubar kashin kifi, sai matacin ya yi aiki sati 4 zuwa 6 kafin su yaɗu.

Da sauran tara muka sake shiri. Muna sauya ruwa kaɗan-kaɗan, muka jera duwatsu masu ramuka don kowane namiji ya samu wurinsa, tunda faɗa gare su.

Shekaranjiya wata ta daina ci, haɓarta ta kumbura. Muka ce shi ke nan, wata kuma! Ashe ƙwai ta ɗauka a baki, haka za ta riƙe su kusan sati uku. Yanzu yara ke gadinta, ba mai ƙwanƙwasa gilashin.